Mostar: Garin Da Gadarsa Ta Fi Shi Suna



Yau tafiya za mu yi, kuma mai nisa. Ku ɗauka ga ku tsaye a bakin wani kogi da tsakar rana, ana zabga zafi irin na Sakkwato a watan Afrilu, alhali kuwa a ƙasar Turai kuke. Sama da kanku akwai wata siririyar gada ta farin dutse, ta yi doro kamar bakan maharbi. A ƙololuwarta wani saurayi ya haura shingen ƙarfe ya tsaya a gefe, ba riga, sai gajeren wando. Ya leƙa ƙasa, ya ɗaga hannu kamar zai faɗo, jama'a suka ɗaga wayoyi, sai ya fasa ya koma ciki. Abokinsa na zagayawa yana karɓar kuɗi hannun 'yan kallo, domin ba a yin tsallen sai abin da aka tara ya kai yadda ake so. Da ya kai, sai saurayin ya sheƙa wa jikinsa ruwan sanyi, ya dawo bakin gada, ya buɗe hannuwa, ya saki jiki. Daƙiƙa biyu da 'yan kai, sai ka ji tinjim! Wuri ya yi tsit, har sai da kansa ya ɓullo saman ruwa, sannan aka kaure da tafi.

Tsakanin inda ya tsaya da inda ya faɗa ya haura mita 20. Ruwan da ya sheƙa wa jikinsa kuma yana da dalili. Kogin nan daga cikin duwatsu yake fitowa, ko da rani sanyinsa kamar an ɗebo shi daga firiji, to idan mutum ya fito daga zafin rana ya afka masa haka kawai, zuciya na iya bugawa.

Sunan garin Mostar, a kudancin ƙasar Bosniya, yankin da ake kira Harzegobina. Sunan kogin Neretba. Gadar kuwa, mutanen garin na ce mata Stari Most, wato tsohuwar gada.

Hanyar da ta fi daɗin zuwa ita ce ta jirgin ƙasa daga Sarayebo, babban birnin ƙasar. Kilomita wajen 130 ne, tafiyar awa biyu. Ina ba duk mai niyya shawara kada ya kuskura ya yi barci a jirgin nan. Da an bar Sarayebo jirgi zai fara hawa, ya kutsa cikin dutse ya fito, ya sake kutsawa, har ya ƙetare tsaunin Iban. Wannan tsauni shi ne mararrabar ruwa: abin da ya zuba a arewacinsa Baƙin Teku ya nufa, abin da ya zuba a kudu kuma Tekun Adiriyatik. Daga nan sai gangara zuwa garin Konyits, inda za ka fara haɗa ido da Neretba. Ni dai da na gan shi na zaci an zuba masa rini. Mu da muka saba da kogi jajaye da laka da damina, fari fat da yashi da rani, kogi kore shar kamar ganyen alayyafo abin mamaki ne. Ƙasar wurin farar ƙasa ce, dutsen alli, ba ta ba ruwa laka, shi ya sa yake garai-garai har kana hango ƙasansa.

Bayan garin Yablanitsa, wanda ya yi suna da gasasshen rago a bakin hanya, sai kogi da titin mota da layin dogo su matsu cikin kwazazzabo guda, duwatsu sun miƙe hagu da dama har sai ka ɗaga kai kafin ka ga sama. An datse kogin a wurare da dama ana samar da lantarki, saboda haka wani wurin ya kwanta kamar tafki, wani wurin yana gudu. Can sai duwatsun su ja da baya, fili ya buɗe, ka fara ganin itatuwan ɓaure da rumman da gonakin inabi. Ka iso Mostar ke nan, a kwance cikin kwari, tsaunin Belej ta gabas, dutsen Hum ta yamma. Kwarin nan ne ke tara zafi, har ma'auni kan haura 40 a watannin Yuli da Agusta.

A harshen mutanen ƙasar, "most" na nufin gada, "mostari" kuma masu gadin gada. Daga nan sunan garin ya fito. Wato tun fil'azal mashigi ne. Fatake daga bakin teku, musamman na birnin Dubrobnik, ta nan suke ƙetarewa su shiga cikin ƙasa inda ake haƙar ma'adinai. Wata takarda ta shekarar 1452 ta ambaci hasumiyoyi biyu da gada a wurin. Gadar wancan lokaci ta katako ce, a rataye da sarƙoƙi, tana lilo in ana tafiya a kanta. A 1468 Daular Usmaniyya ta ci yankin. A nan sai in yi hanzarin cewa ta Turkawa nake nufi, mai hedikwata a Santambul, kada mai sauraro ya ɗauka tamu ce ta Shehu ɗan Fodiyo, wadda sai bayan shekara ɗari uku da ɗoriya ta zo.

Da gari ya bunƙasa, gadar katako ta kasa. A 1557 Sarkin Turkawa Sulaimanu Alƙanuni ya ba da umarni a yi ta dutse, aka ɗora aikin a wuyan wani magini mai suna Hairuddin, almajirin Sinan, sarkin maginan daular. Shekara tara ana abu ɗaya, aka gama a 1566. Don mu gane nisan zamanin, 'yan shekaru kaɗan bayan haka ne Mai Idris Aloma na Barno ya tura jakadu Santambul.

Ina so in ɗan daɗe a kan ginin nan, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da maginan gargajiya a Kano ko Zariya zai ji daɗinsa. Maginanmu na da abin da suke kira bakan gizo, wanda suke ɗaurawa da azara su rufe soro ba ginshiƙi a tsakiya. To Hairuddin bakan gizo guda ɗaya tak ya ɗaura, daga wannan gaɓa zuwa waccan, faɗin kusan mita 29, ba ƙafa ko ɗaya a cikin ruwa. Ba zai ma iya sa ƙafa ba, don kogin na da zurfi da ƙarfi, in ya yi ambaliya kuma ba ya barin komai. Sai ya dogara da duwatsun gaɓar biyu, ya dasa gindin bakan a jikinsu. Dutsen da ya yi aiki da shi ana sassaƙo shi kudu da gari, suna kiransa teneliya. Yana da laushin sassaƙa in an fito da shi, ya ƙara tauri in ya sha iska. Kowane dutse an haɗa shi da ɗan'uwansa da ƙugiyar ƙarfe, aka narka dalma aka zuba a ramin don ta riƙe ƙarfen, ta kuma tsare shi daga tsatsa. Faɗin gadar mita huɗu ne kacal. Da yake doronta na da tsayi, dutsen kuma na da santsi, sai aka jera 'yan ƙananan tudu a kwance daga farko har ƙarshe, inda ƙafar mutum da kofaton alfadari za su riƙa tokarewa.

Mutanen gari na da tatsuniyarsu a kan maginin. Wai sarki ya ce in gada ta rushe a bakin ransa, shi ya sa ranar da za a cire katakon da ya tallafe ta, sai ya tafi ya haƙa kabarinsa ya zauna yana jira. Wasu kuma su ce gudu ya yi, bai taɓa ganin aikinsa a tsaye ba. Labarin baka ne, kowa da irin nasa. Abin da ba tatsuniya ba shi ne gadar ta tsaya shekara 427.

A kowane bakinta akwai hasumiyar tsaro. Ta gabas sunanta Tara, can ake ajiye albarushi a da, yanzu gidan tarihi ce. Ta yamma sunanta Halebiya, ƙasanta kurkuku ne, samanta masu gadi. A gefenta ne samarin nan masu tsalle ke da ƙungiyarsu. Al'adar ta daɗe, an rubuta labarinta tun ƙarni na 17, kuma tun 1968 ake shirya gasa duk ƙarshen watan Yuli. Akwai masu dirowa da ƙafa, akwai gwanaye masu zuwa da ka, ƙirji a gaba, hannuwa a buɗe, salon da suke kira lasta, sunan tsuntsuwar nan tsattsewa.

In ka sauka daga gada ta gabas, ka shiga tsohuwar kasuwa, Kuyunjiluk, layin maƙeran zinariya da jan ƙarfe. An shimfiɗe hanyar da duwatsun kogi masu sulɓi, saboda haka mai takalmi mai santsi ya yi hattara. Har yanzu za ka ji ƙwanƙwasar guduma daga wasu 'yan shaguna, inda dattijo ke zaune yana zana fure a jikin faranti. Sai dai gaskiya, yawancin abin da ke rataye a layin nan kayan kamfani ne da aka shigo da su daga waje, irin wanda za ka gani a kowace kasuwar 'yan yawon buɗe ido: gyale, fitila mai launi, maganaɗisun mannawa a firiji. Mai son aikin hannu na gaske sai ya bi ƙarar guduma, kada ya bi ƙyalƙyali. A nan ne kuma na ga abin da ya tsaya mini a rai: alƙalamin rubutu da aka yi da kwanson harsashi, da kaskon fure da aka yi da kwanson igwa, an zane shi da kyau, an sa masa farashi.

Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai a wannan unguwa ba. Ladan na kiran salla daga hasumiyoyi, ka yi wa dattijo sallama ya amsa maka yadda ka sani. Ka zauna shan gahawa, su ce mata kahba, a kawo maka ita cikin 'yar butar jan ƙarfe, da ɗan ƙoƙon da suke kira filjan, wato finjalinmu, da ƙwayar sukari da alewa a gefe. Sa'a su ce sahat, duniya su ce dunyaluk. Kalmomin Larabci ne, su suka same su ta hannun Turkawa, mu muka same su ta hamada, muka zo muka haɗu a teburi ɗaya. Har majema suna da ita, Tabhana, a gefen wani rafi da ke zuba cikin Neretba, an ware ta gefe saboda wari kamar yadda ake yi ko'ina. Yau babu fata ko ɗaya a cikinta, ta zama gidajen abinci. A kan wannan rafin akwai wata 'yar ƙaramar gada ta 1558, Karkatacciyar Gada, wadda ake cewa da ita aka gwada hannu kafin a tunkari babbar.

Masallatai biyu sun cancanci a tsaya. Na Karajoz Beg, wanda aka gina a 1557, shi ne babba. Na Koski Mehmed Fasha kuma, na farkon ƙarni na 17, yana bakin gaɓa daidai, kuma daga hasumiyarsa ake ɗaukar hoton gadar nan da kuke gani a kalanda. Ana biyan kuɗi a hau. Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ci, in kun yi karo da mai saukowa sai wani ya manne da bango. Na ɗan ji wani iri da na ga ana yankar tikiti a ƙofar masallaci, amma da na tuna da kuɗin ake gyara rufi, kuma ba a karɓar ko sisi hannun mai shiga salla, sai na yi shiru.

Wanda ke da rabin yini ya ƙarasa Bulagai, kilomita wajen 12 kudu maso gabas. Can wani kogi, Buna, ke fitowa ɗungurungum daga bakin kogo a gindin wani dutse mai tsayin kusan mita 200, kuma a manne da dutsen akwai zawiyyar sufaye mai shekara wajen ɗari biyar, inda har yanzu ake zikiri.

Mafi yawan baƙi ba sa kwana a Mostar. Manyan motoci ke kwaso su daga bakin tekun Kuroshiya da hantsi, a sauke su, su cika gada maƙil, su ɗauki hoto, su sha askirim, la'asar na yi a kwashe su. Sun ga gada, ba su ga gari ba. In ka kwana, ka fito bayan sallar asuba, za ka samu gadar ba kowa sai kyanwoyi da mai shara, ka ji ƙarar kogin da hayaniya ta danne jiya. A lokacin ne kuma idonka zai kai kan wani ɗan dutse da aka jingine a gefe, an rubuta masa da Turanci cewa kada a manta da shekarar 93.

To, jama'a, nan ne labarin ke sauya murya.

Kafin yaƙi, Mostar na cikin garuruwan da Yugoslabiya ke alfahari da su. Ƙidayar 1991 ta nuna Musulmi Bosniyawa da Kuroshiyawa mabiya Katolika kusan kai ɗaya suke, kowanne kashi ɗaya cikin uku, Sabiyawa mabiya Otodoks kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar. Harshensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, auratayya ta yi yawa a tsakaninsu. Da Yugoslabiya ta wargaje, a 1992 sojojin tarayya da mayaƙan Sabiyawa suka yi wa garin ruwan wuta daga kan duwatsu. Musulmi da Kuroshiyawa suka haɗa kai suka kore su. A wannan rikici aka rushe babbar majami'ar Otodoks ta garin, Sabiyawa mazauna gari kuma akasarinsu suka fice. Ba a yi shekara ba abokan jiya suka juya wa juna baki. Ranar 9 ga Mayu 1993 mayaƙan Kuroshiyawa suka far wa Musulmi, aka kori iyalai daga gidajensu a yammacin gari, aka tura su gabas, aka tsare maza a sansanoni. Dubun-dubatar mutane suka maƙale a gabashin Mostar wata da watanni, ba wuta, ba famfo, abinci sai ƙyar. Duwatsun nan da baƙo ke yaba kyansu, su suka zama wurin girke igwa. Maƙabarta ta cika, aka koma binne mutane a lambunan shaƙatawa. Na shiga ɗaya daga cikinsu a tsakiyar gari. Shekarun haihuwa sun bambanta, shekarar mutuwa kuwa kusan duk ɗaya ce, 1993, kuma yawancinsu samari ne.

Adalci ya sa in faɗa cewa ba ɓangare ɗaya ne kaɗai ya zubar da jinin bayin Allah ba. A ƙauyen Grabobitsa, a bakin wannan kogi, sojojin gwamnatin Bosniya sun kashe fararen hula Kuroshiyawa a watan Satumba na shekarar, har da tsofaffi. Amma a cikin garin Mostar, gabas ce ta sha mafi munin wuya.

Sauran gadojin garin duk an riga an karya su tun 1992. Tsohuwar ce ta rage, ta nan ake lallaɓawa a kai abinci da makamai. Mutane suka rataya mata tsofaffin tayoyin mota, suka yi mata rumfa, wai ko ta tsira. Ranar 8 ga Nuwamba tankar yaƙi ta fara dukanta, washegari da hantsi, 9 ga Nuwamba 1993, ta karye ta zube cikin Neretba. An ɗauki hoton bidiyon faɗuwarta, duniya duka ta gani. Shekara huɗu daidai ke nan, rana ɗaya, da faɗuwar katangar Balin, ranar da Turai ta yi murnar cewa zamanin raba gari biyu ya wuce.

Kotun duniya da ke Heg ta yi shari'ar shugabannin Kuroshiyawan Bosniya su shida. A 2013 ta same su da laifuffukan yaƙi. A zaman ɗaukaka ƙara na 2017 alƙalai suka ce gadar kanta ana iya ɗaukarta abin hari na soja, tunda sojoji na amfani da ita, hukuncin da ya ƙona ran mutanen gabashin Mostar, amma suka tabbatar da ɗaurin da aka yi wa mutanen. Ɗaya daga cikinsu, Janar Slobodan Praljak, wanda kafin yaƙi mai shirya wasan kwaikwayo ne, da ya ji an tabbatar masa da shekara 20, sai ya ɗaga 'yar kwalba a gaban alƙalai ya kwankwaɗi guba. Ranar ya mutu.

Gadar da saurayin nan ya diro daga kanta sabuwa ce. Bankin Duniya da UNESCO da gidauniyar Aga Khan da ƙasashe irin su Italiya da Holan da Turkiyya da ita kanta Kuroshiya suka haɗa kuɗi. Sojojin Hangari masu nutso suka tsamo tsofaffin duwatsun daga ƙasan kogi, sai aka tarar sun lalace, ba za su sake ɗaukar nauyi ba. Aka koma mahaƙar da Hairuddin ya ɗebi nasa, aka sassaƙo sababbi, wani kamfanin Turkiyya ya ɗaura bakan da ƙugiya da dalma kamar yadda aka yi da farko. An fara a 2001, aka buɗe ranar 23 ga Yuli 2004, shekara ɗaya bayan haka UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Aiki ya yi kyau, ba mai musu. Manyan baƙi suka yi jawabai, kowa na cewa ga gada ta sake haɗa Musulmi da Kirista, gabas da yamma.

Wannan magana ce nake da ja a kanta. Duk wanda ya taka garin da ƙafarsa zai gane cewa bakin gadar nan biyu duk a unguwar Musulmi suke. Haka suke lokacin yaƙi, haka suke yau. In ka ƙetare ta daga gabas, masallaci ka baro, masallaci za ka tarar. Iyakar da ta raba garin ba kogin ba ne. Wani faffaɗan titin mota ne da suke kira Bulebar, 'yan mintoci kaɗan yamma da gada, inda aka ja dagar yaƙi. Babu shinge a kansa, babu soja, babu mai tambayarka takarda. Amma a gefensa har yanzu akwai gine-ginen da harsashi ya mayar kamar rariya, itatuwa sun tsiro ta tagoginsu. Da ka tsallaka, tutoci sun sauya, sunayen tituna sun sauya, har giyar da ake talla a allo ta sauya.

Garin da mutanensa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba, jami'a biyu gare shi, kamfanin lantarki biyu, gidan waya biyu. Ƙungiyar ƙwallo ma biyu. Belej, wadda ta ci kofin Yugoslabiya a 1981 da 1986, kowa nata ne a da, amma filin wasanta ya faɗo a yamma, aka hana ta shi, yanzu ɗaya ƙungiyar, Zirinski, ke wasa a ciki, ita kuma ta koma bayan gari. Ranar da suka haɗu, 'yan sanda ba sa barci. A kan dutsen Hum, inda aka riƙa harbo gari, an kafa gicciye mai tsayin mita 33 a shekarar 2000, majami'ar Katolika da aka sake ginawa kuma aka yi mata hasumiya mai mita 107, ta kere kowace hasumiyar masallaci. Su ma na gabas ba su zauna ba wajen tayar da nasu. Kowa na son a hango shi daga nesa.

A kan titin nan akwai wata tsohuwar makarantar sakandare mai launin ruwan lemo, ginin zamanin mulkin Ostiriya, wadda ta karɓi ƙasar daga Turkawa a 1878. Yaran ɓangarorin biyu na shiga ta ƙofa ɗaya, amma manhaja biyu ake koyarwa, kowa da ajinsa, kowa da tarihin da ake karanta masa. A Mostar wannan ma ci gaba ake ɗaukarsa, don sauran makarantu ko ƙofar ba a haɗa ba. Siyasa kuwa, daga 2008 har zuwa Disamba 2020 ba a yi zaɓen ƙaramar hukuma a garin ba, shekara 12 cur, saboda manyan jam'iyyun ɓangarorin biyu sun kasa yarda da yadda za a yanka mazaɓu. Sai da wata malamar makaranta, Irma Baraliya, ta kai ƙasarta ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, ta yi nasara a 2019, sannan aka motsa.

Mai sauraro da ya san Kaduna kafin rikicin 2000 da bayansa ba ya bukatar dogon bayani. Ya san yadda mutum ke sayar da gidan da aka haife shi ya koma tsallaken kogi, ba don an kore shi yau ba, sai don kwana cikin nasa ya fi masa kwanciyar rai. Ya san kuma cewa da rana kowa na tsallakawa kasuwa da wurin aiki, magariba na yi kowa ya nufi gefensa. Haka Mostar take. Ana ciniki, ana gaisawa, wasu samari na shan gahawa ko'ina suka ga dama, ba a harbin kowa. Amma akwai waɗanda aka haifa bayan yaƙi a yammacin gari, suka girma ba su taɓa taka tsohuwar gadar da mutane ke zuwa gani daga Japan ba.

Akwai wani abu da ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni tausayi. Wasu matasan garin ne suka zauna neman mutum ɗaya da za a yi wa mutum-mutumi ba tare da wani ɓangare ya ji haushi ba. Sarki ba zai yiwu ba, malami ko limamin coci ba zai yiwu ba, mawaƙi ma sai an tambayi ɗan wane ne. Ƙarshe wa suka samu? Burus Li. E, shi dai wanda kuka sani, na finafinan kareti da muka yi layi muka kalla a silima muna yara. Shi kaɗai ne Musulmi da Katolika da Otodoks duk suka so tun suna ƙanana. Aka ƙera shi da tagulla, aka kafa shi a wani lambu ranar 26 ga Nuwamba 2005. Aka yi shawarar inda zai fuskanta, don in ya dubi gabas da dunƙulallen hannu za a ce da Musulmi yake, in ya dubi yamma a ce da Kirista yake. Sai aka juya shi arewa. Daren farko ɓata-gari suka lalata shi, aka ɗauke aka ɓoye shekaru, aka dawo da shi a 2013. A watan Maris na 2024 aka wayi gari babu shi. 'Yan sanda suka gano shi an yayyanka, za a sayar wa 'yan gwangwan.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sauraro, in Allah ya kai ka Mostar, ka kalli gada, ka ba saurayin nan abin da ya sawwaƙa, ka sha gahawarka a finjali, ka yi salla a masallacin Karajoz Beg. Amma in ka ƙetare gadar kada ka juyo daga bakin shagon tsaraba. Ka miƙe yamma, tafiyar minti goma ce, ka tsallaka Bulebar, ka zauna ka ci abinci a can ma, ka gaisa da mutanen can. Kuma ka kwana.